Ki Ƙarasa Kimiyyarki, Alƙalami Ba Zai Gudu Ba

Assalamu alaikum Anti. Shekarata 21, ina aji uku a jami'a, sashen nazarin ƙananan halittu. Ba shi na nema ba. Sau biyu ina zana JAMB don karatun likita ban samu ba, a ta biyun aka ba ni wannan, kuma har yau abin yana ran Baba. Tun ina aji ɗaya nake rubutu da Hausa a Facebook a kan lafiya, mutane suna karantawa, kuma nan ne kaɗai nake jin ina da amfani. Kwanan baya wani yayana, ɗan wan Baba, wanda likita ne, ya ce min a cikin mutane: "Ke likita ce da za ki riƙa koya wa jama'a lafiya?" Tun ranar ban ƙara rubutu ba. Yanzu ina tunanin in koma sashen aikin jarida ko da zan yi asarar shekaru, ko in jira in tafi waje inda na ji ana koyar da rubutun kimiyya da lafiya. Ga kuma mata da ke turo min saƙo a ɓoye suna cewa in rubuta musu magani. Don Allah me zan yi?

Ƙanwarki a Kano

Wa alaikumus salam, ƙanwata.

Kada ki bar sashenki. Abin da ya rage miki shekara ɗaya ce da 'yar ɗoriya, kuma wannan digirin da kike gani an ɗora miki bisa dole shi ne jarin da aikin da kike so ya fi buƙata. Ki ajiye shi yanzu ki koma baya, saki reshe kama ganye ne.

Mai rubutu a kan lafiya abu biyu yake riƙe da su: sanin abin da yake faɗa, da iya faɗarsa. Na biyun da yi ake koyonsa. Ki rubuta, edita ya bi ki da jan biro, ki sake, a kwana a tashi hannu ya faɗa. Na farkon kuwa ba ya samuwa a tsaitsaye. Wadda ta taɓa shuka ƙwayar cuta a faranti a lab, ta dawo washegari ta ga wani magani ya share kewayensa tas, wani kuma ƙwayar ta tsiro har jikinsa kamar babu shi, ita in ta zo bayanin yadda magani yake daina aiki, ba haddar wani take biyawa ba, abin da ta gani take faɗa. Ni ma ta wannan ƙofar na shigo. Kimiyyar sinadaran jiki na karanta, bautar ƙasa ta jefa ni gidan rediyo, kuma a cikin shekarar nan ɗaya na koyi yadda ake hira da yadda ake datse labari. Abokan aikina da suka karanci jarida sun fi ni ƙwarewa nesa ba kusa ba a lokacin, kuma daga wurinsu na koya. Amma duk ranar da takardar bincike ta zo ofis, teburina ake kawo ta.

Makarantun wajen da kika ji labari akwai su, kuma kusan dukkansu karatun gaba da digirin farko ne. A Amurka akwai na jami'ar MIT, shekara ɗaya. Akwai na Jami'ar Johns Hopkins, wanda ake iya yin mafi yawansa ta intanet. Akwai na Jami'ar New York a kan aikin jaridar kimiyya da lafiya da muhalli. Na Jami'ar Kaliforniya da ke Santa Cruz ma wanda ya karanci kimiyya kuma ya taɓa bincike yake ɗauka. A Ingila akwai na Imperial College a Landan, a Afirka ta Kudu kuma Jami'ar Stellenbosch ta daɗe tana koyar da shi. Kin ga kenan ko waje kike hari, ta cikin lab ɗin da kike son gudu hanyar ta bi. Kuɗinsu yana da yawa, sai dai tallafin karatu, kuma tallafi irin Chevening na gwamnatin Birtaniya sai mutum ya yi aiki na shekara biyu kafin ya nema. Ban da takardar digiri, za su ce ki nuna musu abin da kika rubuta. Don haka "in jira in tafi waje" ba shiri ba ne in hannunki a naɗe yake kina jiran. A nan gida, bayan kin gama, kina iya yin difloma ta gaba da digiri a aikin jarida, ko digiri na biyu a lafiyar al'umma, wanda ba likitoci kaɗai ake ɗauka ba. Hukumar NUC mai kula da jami'o'i ma ta raba tsohon karatun sadarwa gida bakwai, ɗaya daga ciki sadarwa don ci gaban al'umma ne. Duk waɗannan ƙofofi suna nan suna jiranki da digirin kimiyya a hannu.

Yanzu mu zo kan yayanki, domin na san shi ya sa kika rubuto, ba kwas ba.

Ya yi kuskure da ya faɗa miki a cikin mutane. Amma tambayarsa tana da amsa, kuma ya kamata ki riƙe amsar a bakinki: "A'a Yaya, ni ba likita ba ce, shi ya sa ba na duba kowa, ba na rubuta wa kowa magani. Bayani nake yi, kuma ina so ka riƙa duba min kafin in saki." Ki je ki same shi shi kaɗai ki faɗa masa haka. Ki tuna irin abin da yake gani kullum: wanda ya sha haɗin da aka tura a WhatsApp ƙodarsa ta taɓu, wadda ta ajiye maganin hawan jini saboda wani ya ce a bidiyo ya warkar da shi kwata-kwata. Mutumin da yake karɓar irin waɗannan a asibiti dole gabansa ya faɗi in ya ga ɗaliba da mabiya tana magana a kan cuta. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Duk marubucin lafiya na ƙwarai yana da likita ko malamar jinya ko mai haɗa magani da yake kira kafin ya buga, ni kaina ina da uku. Ke Allah ya ajiye miki naki a cikin gida.

Matan da ke turo miki saƙo kuwa, a nan ba ni da sassauci. Kada ki taɓa rubuta wa kowa sunan magani, ko da kin tabbata kin san shi, ko da ta yi kuka. Ba ki ga jikinta ba, ba ki san ko tana da ciki ba, ba ki san me take sha ba. Abin da za ki iya yi mata yana da yawa ba tare da haka ba: ki saurare ta, ki gaya mata wane sashe za ta nema a asibiti, ki taimaka mata ta tsara abin da za ta faɗa wa likita, domin kunya ce take kawo yawancinsu wurinki. Ki kuma san alamomin da ba a kwana da su, kamar zubar jini ga mai ciki, jijjiga, ko jaririn da ya ƙi kama nono, ki ce mata yanzu-yanzu, ba gobe ba. Sirrinta kuma amana ne. Ba a ɗaukar hoton saƙonta a mayar da shi darasi a fili ko da an goge suna.

Ina so ki gane girman abin da kika ajiye. A watan Agustan 2014, lokacin Ebola, wayoyi suka riƙa kuka tun kafin asuba: a yi wanka da ruwan gishiri, a sha. Cutar tana Legas, amma saƙon ya karaɗe ƙasar nan cikin dare ɗaya, an kwantar da mutane a asibiti, wasu sun rasa ransu, kuma gishirin ne ya kashe su, ba Ebola ba. Kafin nan, a 2003, an dakatar da rigakafin shan inna a Kano da wasu jihohin Arewa saboda zargin yana hana haihuwa. Kano ba ta koma ba sai watan Yulin 2004, kuma a 'yan shekarun da suka biyo baya cutar ta sake ɓulla a ƙasashe kusan 20 da suka riga suka rabu da ita, har Yaman da Indonesiya. Sai a watan Agustan 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da asalin ƙwayar. Kada ki yarda da mai ce miki jahilci ne kawai ya jawo haka. Mutanen Kano ba su manta da 1996 ba, lokacin annobar sanƙarau, da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a binciken da ya ƙunshi yara 200, 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ne ba, kamfanin ya musanta, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin jihar a 2009. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Marubuciyar da ta san wannan tarihin ba za ta raina uwar da ta ɓoye ɗanta a ɗaki ba. Za ta fara da yarda cewa tsoron yana da tushe, sannan ta yi bayani. Wannan ne abin da takardar da aka rubuta da Turanci a Abuja, aka juya ta Hausa ranar ƙarshe, ba ta iya yi.

Kuma a nan ne aikin yake da wuya, yake da daɗi. Dubi kalmar da muke amfani da ita kullum, "ƙwayar cuta". Ita muke kiran bakteriya, ita muke kiran bairos, ita muke kiran abin da sauro yake zubawa a jini. Ke kin san bambancinsu kamar sama da ƙasa ne. To ta yaya za ki fahimtar da mai mura cewa kafso ɗin da ya saya a kemis na bakteriya ne, ba zai taɓa bairos ɗin da ke damunsa ba, alhali a kunnensa duk sunansu ɗaya? Ko "shawara". Jaririn da idonsa ya yi ɗorawa shawara ce, ciwon hanta shawara ne, zazzaɓin yellow fever da sauro ke kawowa shi ma shawara ne. In kika rubuta "maganin shawara" ba ki bambance ba, wata uwa za ta shanya jaririnta a hantsi tana jira, alhali in abin ya yi tsanani ƙwaƙwalwa yake taɓawa, kuma a asibiti ake sa shi ƙarƙashin fitila ta musamman. Ga "sanyi" da "basir", waɗanda masu lasifika a kasuwa suka mayar buhun da ake zuba kowace cuta. Babu jami'ar Amurka da za ta warware miki wannan. Sai kin zauna da kakarki, da ungozoma, da malaman sashen Hausa na jami'arki, kin ji yadda ake kiran abu da abin da mutane suke nufi in sun kira shi.

Bari in ba ki nawa kuskuren, domin har yau ina tuna shi. Ina gabatar da shiri a kan sikila, na ce idan mai AS ya auri mai AS, ɗaya cikin huɗu na 'ya'yansu zai zo da cutar. Haka na karanta, haka na faɗa. Bayan shirin wani bawan Allah ya kira ya yi ta godiya. Ya ce shi da wadda zai aura duk AS ne, amma yanzu hankalinsa ya kwanta, uku za su haifa su tsaya. Jikina ya yi sanyi. Ban yi ƙarya ba, amma abin da ya ji ba shi ne gaskiya ba, kuma laifin nawa ne. Mako na gaba na sake bayanin da goro: a sa goro huɗu a jaka, uku fari ɗaya ja, jan shi ne cutar. Duk ciki, hannu ake zurawa a zaro ɗaya, sannan a mayar da shi cikin jakar. Ana iya zaro ja a haihuwar farko, ana iya zaro shi sau uku a jere, ana kuma iya haihuwa shida ba a zaro shi ba. Tun daga ranar na daina auna rubutu da abin da na faɗa, na koma auna shi da abin da mai sauraro ya tafi da shi. Yanzu da Kano ta yi dokar gwajin jini kafin aure a 2024, dubban samari da 'yan mata suna karɓar takarda ɗauke da haruffa biyu, suna neman wanda zai yi musu irin wannan bayanin.

A watannin da suka rage miki, darasin ƙididdiga da ɗalibai suke gudu, ke ki rungume shi. Shi zai hana a ruɗe ki. In aka ce wani abu ya ninka haɗarin cuta, ki tambaya daga nawa zuwa nawa, domin daga mutum 1 cikin 10,000 zuwa 2 ninki ne, daga 20 cikin 100 zuwa 40 ma ninki ne, amma ba labari ɗaya ba ne. In aka ce wani ganye ya kashe ciwon daji, ki tambaya a ina: a faranti, a jikin ɓera, ko a jikin mutum, kuma mutum nawa. Ki saba da karanta takardar bincike ɗaya duk mako daga PubMed, rumbun takardun binciken lafiya a intanet, kyauta ne, ki fara da yadda aka yi binciken kafin ki leƙa sakamako. Cochrane suna tattara bincike da yawa a kan tambaya guda, suna kuma taƙaitawa da sauƙin harshe. Rahotannin NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, a kan kwalara da zazzaɓin Lassa da mashaƙo a buɗe suke ga kowa, kuma cike suke da labaran da ba wanda ya ba da su da Hausa. Ki karanta Nigeria Health Watch da SciDev.Net ki ga yadda ake gina labari, ki ga yadda Dubawa da Africa Check suke bin diddigin jita-jita. Ki saurari Lafiya Zinariya na BBC Hausa da kunnen mai koyon sana'a: wace tambaya aka fara da ita, me aka bari. Ki kuma nemi aikin Dakta Mahmoud Bukar Maina, masanin ƙwaƙwalwa ɗan jihar Yobe da ke Jami'ar Sussex, wanda ya kafa Science Communication Hub Nigeria don haɗa masana da 'yan jarida. Furojet ɗinki na aji huɗu ki yi shi da hannunki, kada ki saya, sannan ki rubuta shi sau biyu: ɗaya na malaminki, ɗaya shafi guda da Hausa wanda Mama za ta gane.

Batun abinci kuma ba zan ɓoye miki ba. Aikin jarida zalla ba ya biya sosai a ƙasar nan, musamman a farko, kuma wasu gidajen suna riƙe albashi. Amma rubutun lafiya ya fi jarida faɗi. Ƙungiyoyin da ke aikin rigakafi da abinci mai gina jiki da lafiyar mata suna neman masu tsara saƙo da Hausa. Rigakafin HPV, ƙwayar da ke jawo ciwon dajin bakin mahaifa, na 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 ya shigo a Oktoban 2023, na zazzaɓin cizon sauro ya fara a Kebbi da Bayelsa a Disamban 2024, kuma kowanne da jita-jitarsa ya zo. Akwai kuma wani reshe da ba a cika jin labarinsa ba, wato rubutun da ake yi wa masu bincike da kamfanonin magani: tsarin gwaji, rahoton sakamako, takardar da ake naɗewa cikin kwalin magani, takardar neman yardar wanda za a yi bincike a kansa. Wannan ya fi biya, ana iya yinsa daga gida, Turanci mai tsafta da digirin kimiyya yake buƙata. Takardar yardar nan kuma ƙa'ida ce a yi wa mutum bayaninta da harshen da yake ji, kin kuwa ga abin da gardama a kanta ta jawo a 1996. Don haka ki kula da Turancinki kamar yadda kike kula da Hausarki. Da yawa daga cikinmu da ɗaya muke ci, da ɗaya muke yi wa jama'a aiki.

Baba kuma kada ki tare shi da "ni marubuciya zan zama". Bai san wannan a matsayin sana'a ba, abin da zai ji shi ne 'yarsa ta karaya. Abin da yake so tun farko ki zama mai amfani da mutunci da abin hannunki, likitanci ne kawai sunan da ya san burin da shi. Ki kai masa sakamako mai kyau tukuna. Sannan wata rana bayan sallar isha'i ki karanta masa rubutu ɗaya a kan abin da ya shafe shi, hawan jini ko suga, wanda Yaya ya duba. In mai son tarihi ne, ki tuna masa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, yana riƙe da mulki amma ya zauna ya yi rubuce-rubuce a kan magani, har da na basir. Ba sai kin nemi amincewarsa da baki a ranar ba. Ki bar shi ya saba da ganinki a haka. Ke ma ki bar wa zuciyarki ta yi jimamin likitancin da bai samu ba, ba laifi ba ne, amma kada ki bari jimamin ya zaɓa miki kwas.

Ga aikin da nake so ki yi a makon nan. Ki rubuta kalmomi 400 a kan dalilin da ya sa kafso ba ya maganin mura. Ki kai wa Yaya ya duba. Sannan ki karanta wa kakarki ko wata dattijuwa a unguwa, ki rufe takardar, ki ce ta maimaita miki abin da ta ji. Ki turo min rubutun tare da abin da ta faɗa, kalma da kalma, daga nan za mu fara gyara.

Antinki